Shekarar da Kindirmo Ya Tsinke

A wajenmu shanu na namiji ne, nono na mace. Shi ke cewa ga inda za su yi kiwo, ga abin da za su ci. Abin da ya sauka a ƙwarya kuwa nawa ne, ba mai tambayata. Haka na tarar, haka na zauna da mijina a gefen Gude har Allah ya karɓi abinsa.

Shanunmu sun soma ƙarewa tun lokacin da aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A sayar da saniya a sayo hatsi, a sayar da wata a sayo taki. Gonaki suka cinye burtali. Da mijina ya rasu, abin da ya bari bai kai a kira shi garke ba. Ɗana na fari ya ɗaure su a turke bayan gida. Shi a cikin wahalar nan ya koyi sana'a: ya sayo ramammen sa, ya ɗura masa dusa, ya sayar gab da Layya. Ya iya abinsa. Da ita ya yi aure, ita ta rufa mana asiri.

Ni kuma ina kai nono Kabo. Ba na zaman kasuwa, gidaje nake bi. Babban gidana na wani tsohon malami ne mai makarantar allo. Haƙoransa sun zube, fura kaɗai yake sha, ita ma sai da kindirmona. Matarsa Hajiya ke karɓa. Tana da baki, amma ba ta da mugunta. Ina yin sallama za ta ce, "Ga Fulani nan, ga ƙarnin man shanu." In ce, "Ƙarnin ne ya riƙe miki Malam." Inda Hajiya ta saya, nan duk layin ke saye.

Shekarar da aka kawo Shari'a, ko'ina wa'azin tauye mudu da algus ake yi. Na ji daɗi. Na san masu tsinka nono da ruwan rijiya su mayar masa da kauri da garin 'ya'yan kuka. Ni hannuna bai taɓa yi ba, kuma abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya.

A ranin nan harawa ta yi tsada. Masu kiwon turke daga Gwarzo suna bi ƙauye ƙauye suna saye. Ɗana ya sauke wadda ke kan rumfa ya sayar, har da karmami, ya rage kaɗan don sansa. Shanun tatsa kuma ya koma kwaɓa musu dusa da ruwan ƙasari, tsululu, safe da yamma. Yana kuma so maruƙa su yi jiki da wuri, sai ya ce in tatsi na farko kawai in sake su su sha sauran. Duk macen da ta taɓa riƙe hantsa ta san madarar farko ruwa-ruwa ce, mai a ƙarshe yake.

Ƙwarya tana cika, wannan gaskiya ne. Amma shanu sun rage tuƙa. Saniya ta kwanta baki a rufe, kashinta ya koma zawo. In nono ya kwana, da safe ruwa ne kwance a samansa. In kaɗa har kafaɗata ta gaji, man da zan tara bai kai ƙwan zabo ba.

Na same shi yana kwaɓa dusa. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa.

"Kai, saniyar tatsa ba sa ba ce. Sai da abin tuƙa."

"Inna, ba ga ƙwarya tana cika ba?"

"Tulu ma yana cika."

Ya yi dariya. "Ke dai kin saba da wahala. An kawo miki sauƙi kina ƙi."

Shanunsa ne. Na ɗauki ƙwaryata na tafi tatsa.

Hajiya ta karɓa sau da dama ba ta ce komai ba. Wata rana ta sa ludayi ta ɗaga, nono ya zuba shar kamar ruwan wankin gero. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ja ni bayan ɗaki, ta rage murya.

"Baiwar Allah, mun daɗe tare. In babu ce ta matsa miki, ki faɗa mini. Kina dai jin abin da ake karantawa a masallaci."

"Hajiya, ban zuba komai ba."

"To saniyar ce ta je rijiya da kanta?"

"Dusa ce."

"Dusa! Kowa dusa yake bayarwa ya samu nono. Malam ya ce ba don cikinsa ba, ke yake jiye wa ranar gobe."

Ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar. Ba ta yi terere ba, amma maƙwabta suna da ido. Duk gidan da na yi sallama sai a ce, "Yau muna da shi."

Na dawo da nonon gida na dire a gaban ɗana. Na ba shi ludayi.

"Sha."

Ya kurɓa, ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"A Kabo an ce uwarka tana zuba ruwa."

Ya ajiye ludayin. Can ya ce, "Inna, harawar ta tafi."

"Gawo bai tafi ba."

Na shiga bin gindin gawo ina tsintar 'ya'yansa a buhu. Shi kuma ya kwashe harawar da ya ajiye wa sa ya zuba wa shanun tatsa, ya je kasuwa ya sayo angurya da kanwa. San da yake turkawa bai yi jiki ba a shekarar, ya kuma sayar da shi a wulaƙance, bai taɓa yi mini gori ba. Dusa ta koma 'yar kaɗan, a bushe. Tatsa kuma na mayar yadda uwata ta koya mini: maraƙi ya fara tsotsa ya saukar da nono, in bar masa kan nono biyu nasa, in tatse biyu nawa har ɗigon ƙarshe.

Abin bai gyaru da wuri ba. Ciki ya riga hantsa. Sai da na ga suna kwance a inuwa suna tuƙa, kashi ya ɗaure, sannan ƙwarya ta soma canzawa. Ta ragu, ba ta kai rabin ta da ba. Amma wata safiya na buɗe faifai na tarar kindirmo ya kama gam, sai an yanka shi da ludayi.

Na kai wa Hajiya. Ta ɗanɗana, ta kama hannuna da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi. Wanda ya tuba kamar bai yi ba ne."

"Hajiya, harawa aka mayar musu."

"Na sani, na sani. Ba sai kin faɗa ba. Allah ya rufa asiri, mu ma mun rufa."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ta ɗora mini goro a kan faifai, ta aika gida gida cewa mai nono ta dawo hanya.

Da ɗana ya ji, ya sa hularsa ya tafi wurin Malam da ƙafarsa. Ya durƙusa a zaure ya bayyana komai, har sayar da harawar. Malam ya saurara har ƙarshe, ya dafa kansa ya ce ɗa na gari ke nan, mai ɗaukar laifin uwarsa, Allah ya yi masa albarka. Ya dawo yana huci, zai koma da Alƙur'ani ya rantse. Na ce ya zauna. Tsoho yana shan furarsa, a bar shi.

Gidajen duk sun dawo, har da waɗanda da ba sa saye. Na kai wa Malam nono har ya rasu. In baƙuwar mai nono ta shigo layin, da ni ake yi mata nasiha: ki dubi waccan, da tana zuba ruwa, ta ji wa'azi ta bari. Wani lokaci a gabana ake faɗa. Sai in sauke ƙwarya in tambaya na nawa za a auna.