Abin da Iya Tas-tas Ta Ɓoye

Shekara goma sha huɗu Iya Tas-tas ta yi tana goge-goge a ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikata ne suka laƙaba mata sunan, don in ta wuce da mofa har fuskarka kana gani a tayil. Mijinta ya rasu 'yarsu tana goye, da tsintsiya da bokiti ta raine ta har ta aurar.

Bayan al'adarta ta ɗauke, wani ruwa ya fara zubo mata ta gaba, tsinkakke, mai wari. Ta gaya wa ƙanwarta.

"Sanyi ne, Yaya. Wace mace ce ba ta da shi?"

Ta sha maganin kemis, ta yi matsi, ta dafa saiwoyi, ba sauƙi. Ɗakin da ake duba mata kuwa ita ke wanke shi kullum, amma ina za ta iya hawa gadon nan a gaban yaran ma'aikatan da ke gaishe ta kowace safiya? Sai ta ƙara zane, ta ƙara turare, ta daina zama cikin mutane.

Wata Talata Sista babba ta tare ta a bakin famfo.

"Iya, me ya sa kike gudunmu? Ko saurayi aka yi ake ɓoye mana?"

Iya ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Sista ta ja ta ɗaki ta kulle ƙofa. Ta ce ba kowane ruwa ne sanyi ba. Wani fari ne mai kauri da ƙaiƙayi, wani ƙarni gare shi, wani a wurin miji ake ɗauka, kuma sai an gwada ake sanin maganin kowanne.

"Naki tun yaushe?"

"Shekara uku. Tun bara da jini yake zuwa."

Sista ta duba ta. Ta kira likita, aka yanki ɗan nama daga bakin mahaifa aka aika gwaji.

Bayan sati uku sakamako ya fito. Kansa ce, wato ciwon daji, har ta kai mafitsara. Likita ya ce tiyata ba za ta yiwu ba, sai dai a yi mata gashi da na'ura a babban asibiti, layin kuma wata biyar ne.

"Da na faɗa da wuri fa, likita?"

Ya juya takardar da ke gabansa, bai ɗago ba.

Yanzu tana wurin 'yarta, a kan katifa kusa da taga. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tashi sai an kama ta. Ranar gashin da aka ba ta saura wata biyu.

"Iya, in ɗaga ki ki sha magani?" in ji 'yar.

"Bar ni haka tukuna. Na samu ɓarin da ba ya ciwo."