Hannun Muntari da murfin da ya cije

Ranar wata Laraba Malam Muntari mai gyaran famfo ya fito kamar kullum, bai san da azahar za a ɗauke shi da karyayyen hannu ba. Bayan asuba yakan ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya duba famfon masallacin unguwa ba tare da an sa shi ba, sannan ya bi Jega da Aliero, wani lokaci har Karaye. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Ɗana Waliyyu ya samu aikin kula da tafkin ninkaya a wani otal a Jega, ga shi da sabon aure. Ruwan ya yi kore, murfin tukunyar da ke tace shi ya ƙi buɗuwa. Ya kira Muntari, shi kuma Muntari ya ce a kashe inji a jira shi. Na biya wajen, na tarar manaja yana ta faɗa, tsoro ya kama ni kada a sallami ɗana. Ni manomin albasa ne, idan murfin injin ban-ruwa ya cije, guduma muke sa masa. Na ce ya yi haka. Ya ce Malam ya ce a jira. Na ce ni na haife shi, ba Malam ba. Sai ya ɗauki guduma ya fara bugu.

Zoben ƙarfen da ke riƙe da murfin ya fara saki sai ga Muntari.

"Kak ka ƙara, iska na ciki!"

Ya ture Waliyyu, ya miƙa hannu ga abin sakin iska. Bai kai ba. Murfin ya tashi ya doki hannunsa daidai inda fuskar ɗana take.

Muntari ya gaya wa manaja zoben ya yi tsatsa, kuma gaskiya ne. Bai ambaci guduma ba. Da na je gaishe shi wajen mai ɗori a Aliero, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Garba, albasar ma da guduma kaka tono ta?" Sai ya kira Waliyyu ya koya masa daga kwance: a kashe inji, a saki iska har hucin ya tsaya, a wanke zoben, a shafa ruwan sabulu, a murɗa da hannu a hankali.

Malam, kai ne ka tare abin da ni na jawo, kuma ba ka kunyata ni gaban ɗana ba. Na gode, Allah Ya saka. Masu sana'a su koyi haƙurinka, mu iyaye kuma mu bar wanda ya san aiki ya iso.

An kwance ɗorin makon jiya. Ƙashi ya haɗe, amma yatsu uku ba sa motsi. Mai ɗorin ya ce bai sani ba ko za su dawo.