Tsohon Jirgi da Sabon Taru

Wutar gidanmu a unguwar Makama ta Yola ba don tatsuniya ake hura ta ba, don kifi ake yi. Kakata bandar kifi take yi. Dada muke ce mata, domin da sunan nan mahaifinmu yake kiranta. Da la'asar masunta suke kawo mata kifin daga tafkin Njuwa, tarwaɗa da karfasa, ta gyara, ta lanƙwasa kowanne ta soke shi da tsinke, ta jera kan ragar waya bisa rabin duro. Kifin banda ba ya son a tashi a bar shi. In wuta ta yi yawa ya ƙone, in ta yi kaɗan ya lalace. Don haka daga an idar da sallar magariba Dada tana nan kan 'yar kujerarta, mu kuma mun kewaye ta, ni da ƙanena Bello da 'ya'yan maƙwabta, kowa yana fakon wanda zai ɓare ya faɗo. Kayanmu duk warin hayaƙi. A makaranta har tsokanata ake yi da shi, ina ta jin haushi. Yau kuwa in na zo wucewa ta wurin masu banda a kasuwar Jimeta, sai in ji na rage tafiya.

Kakannin Dada fatake ne da suka gangaro daga arewa suka zauna, amma ita a Yola gari aka haife ta, Fillanci ya fi Hausa kama bakinta. Ni ma da nake mace "kai" take ce mini, in na yi dariya ta ce wanda ya san da shi ake ai ya gane. Kunyar mutanen garin ma ta kwashe ta kaf. Ba ta cewa tana jin yunwa, ba ta cewa wani wuri yana mata ciwo. Mahaifina shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan na ofis" take ce masa, ko da yana tsaye a gabanta.

In za ta fara, sai ta ƙwanƙwasa duron da itacen juya wuta ta ce, "Ga wani nan ya fito daga ruwa, ƙafarsa duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ya shigo haka nan, ba ma ƙyama." Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma ta masunci da jirginsa tana nan, don ita muka fi roƙo.

Wai wani masunci ne ya gaji ƙaramin jirgi daga ubansa, tsoho, duk jikinsa faci. Da 'yar komarsa yake fita, ya samo abin da za a ci da ɗan na sayarwa. Wata rana a kasuwa ya ga taru, wato ƙatuwar ragar nan da masu manyan jirage suke ja. Sabo fil, igiyarsa tana sheƙi. Ya saya, ya jawo shi bakin ruwa, ya tsaya kan jirginsa ya ce, "Jirgi, za ka iya da wannan?" A nan Dada takan sauke murya ta yi maganar jirgin a hankali, kamar mai jin nauyin wanda yake magana da shi: "To. Duk yadda ka gani."

Kullum a daidai nan Bello yake katse ta. "Dada, wai jirgi yana magana?"

"Kai maigidana, ko cefane ba ka kawo mini ba, sai tambaya. Bar ni da jirgina."

Suka shiga tsakiyar ruwa, ya watsa tarun, kifi ya cika shi. Yana ja yana zubawa, yana ja yana zubawa. In ya ɗan tsaya ya ce, "Jirgi, in ƙara?" sai jirgi ya ce, "To. Duk yadda ka gani." Can sai masuncin ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba, ashe ruwa ne yake tsattsafowa ta tsohon facin da ubansa ya yi. Ya leƙa gefen jirgin, ya ga ruwa ya kusa kama baki. Bai sake tambaya ba. Ya zaro wuƙa ya datse igiyar tarun, ya kwashe rabin kifin ya mayar, ya tuƙo gida mutane suna yi masa dariya. Da suka taɓa ƙasa, jirgin ya numfasa ya ce, "Useko," wato na gode.

Na taɓa tambayarta me ya hana jirgin faɗin gaskiya tun farko. Ta juya kifi ɗaya tukuna, sannan ta ce, "Jirgin mai kunya ne, ɓingel am, ɗana. Ko ka tambaya shi, 'to' zai ce maka. Sai dai kai ka leƙa ka ga inda ruwa ya kai." Daga nan ta ƙwanƙwasa duro ta ce, "Ya koma ruwansa. Ku tashi ku wanke ƙafa." Ni a lokacin abin da na ɗauka shi ne kwaɗayi ba shi da kyau, kuma ban ga ta inda ya shafe ni ba.

Shekarar da damina ta kayar mana da katangar baya da ɗakin girki, Baba, wanda yake buga tafireta a sakatariya, ya samu gida a kwatas ɗin ma'aikata a Jimeta. Bene ne, mu aka ba hawa na sama. Ina zaune ya zo ya durƙusa gefen duron ya gaya mata, kuma na shaida da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce, "Dada, hayaƙin nan ya ishe ki haka. Can akwai famfo har cikin ɗaki, ga lantarki. Ki zo ki huta." Ta dubi wutar ta ce, "To. Duk yadda ka gani." Mu yara muka yi ta tsalle, za mu hau bene.

Ranar farko da ta hau matakalar, tana hutawa tana dariya, wai iska take sha. A kwatas ba a hura itace, don haka duron ya zauna a Makama wurin wata maƙwabciya. Gwiwoyinta da suka saba da daɓen ƙasa suka ƙi matakalar siminti. Baba ya ce zai riƙa ɗaukarta in za ta sauka. Ɗan fari ya goya ta a gaban matan kwatas? Ai ko a mafarki. Sai kawai ta daina cewa tana son zuwa ko'ina. Ta samu wuri gefen taga, ta ɗora hannuwa kan cinya, wani lokaci in ga yatsunta suna motsi kamar tana juya kifi. Duk wanda ya ce, "Dada, yaya sabon gida?" sai ta ce, "Jam," lafiya lau. Mu kuma talabijin ya ɗauke mana hankali, muka daina zama wurinta.

Wata rana bayan magariba aka ɗauke wuta. Da muka rasa abin yi, muka kunna fitilar ƙwai muka zauna gabanta muka ce ta yi mana ta jirgi. Babu duron ƙwanƙwasawa, sai ta fara haka nan. Komai ya tafi yadda muka sani, har wurin da sanyi zai taɓa ƙafar masuncin. Sai ta ce ai ranar da ya sayi taru ya sayi dogon takalmin roba, don haka ruwa ya shigo bai ji ba. Ya ce, "Jirgi, in ƙara?" Jirgi ya ce, "To." Ya ƙara. Jirgin ya yi ƙasa a hankali, ko ƙara bai yi ba. Masu manyan jirage suka zo suka tsamo masuncin da tarunsa, jirgi kuwa yana can ƙarƙashin Njuwa.

Na ce, "Dada, ba haka take ba. Ai ya yanke igiya."

Ta ce, "Yau haka ya zo mini."

Ba ta ce ya koma ruwansa ba, ba ta ce mu wanke ƙafa ba. Aka kawo wuta, muka ruga wurin talabijin. Kafin damina ta zagayo ta kwanta, ba wani dogon ciwo. Saukowarta ta gaba daga benen nan, a kafaɗun maza ta yi ta. Na yi kuka ƙwarai, kuma har yau ina tuna tagar nan.

Yanzu ni malamar makaranta ce a Jimeta, da nawa 'ya'yan. Baba ya yi ritaya, ya gyara gidan Makama ya koma. Idonsa ya yi rauni, likita ya ce jijiyar ce, ba ta gyaruwa. Abu ɗaya ya rage masa da yake yi ba tare da an riƙe masa hannu ba, shi ne bugu a tsohuwar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya, wadda ya saya tun yana aiki. Mutanen unguwa suna kawo masa takardar neman aiki, da katin ɗaurin aure, da sanarwar masallaci. Ba ya ganin allon sosai, amma yatsunsa sun haddace hanya: ya danna nan, ya danna can, shafi ya buɗe, haruffa su fito manya-manya. In yana bugu, kafaɗarsa miƙewa take yi. Saboda kwamfutar nan ake yi masa sallama da safe.

Kwanakin baya wani saƙo ya fara fitowa a allon. Bello, wanda yanzu gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya karanta mana. Wai masu babbar manhajar da take tafiyar da kwamfutar za su daina kula da tsohuwar, a koma sabuwa. Sabuwar kuma tana son inji mai ƙarfi da ƙwaƙwalwa mai yawa, ta Baba ba ta kai ba.

"Adda, abin ba wasa ba ne fa," in ji Bello. "In aka daina mata afdet, ɓarayin intanet za su iya shiga. Akwai dabarar da nake tilasta sabon sistem ya hau, sai dai za ta riƙa nauyi tana zafi. Ko kuma in saya masa sabuwa dal, a huta."

Na ce, "A sabon, komai yana inda ya sani?"

"An ɗan canja wurare. Zai saba mana."

Bello ba ƙarya ya yi ba, kuma don ƙaunar Baba yake yi. Muka shiga zaure muka same shi a gaban teburinsa, Bello ya yi masa bayani dalla-dalla. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "To. Duk yadda kuka gani."

Bello ya sa hannu a aljihu ya zaro filashinsa, ɗan abin da ya adana sabon sistem ɗin a ciki. Na bar fuskar Baba na dubi hannunsa. Ya shimfiɗa tafinsa kan madannan ya rufe su, babban yatsansa yana shafar dogon madannin nan da ya goge don bugu. Bello yana tsaye yana jira a miƙo masa kwamfutar, hannun bai ɗaga ba.

Na ce, "Bello, mayar da filashin nan aljihu."

Muka fita tsakar gida muka yi ta ja. A ƙarshe ya yarda zai raba ta da intanet gaba ɗaya, tun da Baba bugu kawai yake yi, ya ware filashi guda da ba za a sa shi a ko'ina ba sai a shagonsa in za a fitar da takarda. Yana tayar da babur ya ce, "Adda, ba za ta daɗe ba fa. Kin ji yadda fankarta take kuka." Na ce na ji.

Da na koma zaure, Baba bai juyo ba. Ya ce, "Hauwa, kin leƙa gefen jirgi ke nan."

Na tsaya cak. Ban taɓa ganinsa a bakin duron nan yana sauraro ba. Na ce, "Baba, ashe ka san ta?"

"Tun ina ƙarami take yi mini ita." Yatsansa yana kan madannin. "Ta sake yi mini ita sau ɗaya a bene. Na dawo daga ofis ina kwance takalmi, ta fara haka kawai, ba wanda ya roƙe ta. Jirgin ya nutse. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa ya fara taɓa Dada, har ta manta ƙarshen tatsuniyarta."

Ya juyar da fuskarsa wajen bango. 'Ya ba ta kallon hawayen ubanta. Na fita na zauna inda duron yake a da, har sai da na ji ƙarar bugu ta dawo.

Na daɗe ina juya abin a raina. Famfon kwatas abu ne mai kyau, sabuwar manhajar ma na yarda ta fi tsohuwar. Taru bai yi laifin komai ba. Sai dai kowane sabon abu yana zuwa da nauyin da yake so a ɗauka, mu kuma tsofaffinmu an raine su a kan kada su ce ya yi musu yawa. Dada ta faɗa sau biyu, ta hanya ɗaya tak da kunyarta ta bar mata, ni na ce ba haka take ba, ɗanta ya ce tsufa ne. Na san wata safiya kwamfutar nan za ta ƙi tashi, kuma ban san abin da zan yi ranar ba. Kafin nan dai, duk Juma'a in na je Makama na durƙusa na gaishe shi ya ce lafiya lau, ina karɓa don ladabi, amma hannunsa nake kallo.