Na Ce Ban San Shi Ba

Ƙauyenmu na asali yanzu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Kafin ruwan ya ci shi, Kafin Maiyaƙi muke kai niƙa idan biki ko suna ya taso, domin babu inji kusa da mu sai na wani Ibo da ya daɗe a garin. Shi da mahaifina sun saba ƙwarai. Mahaifina kan kai masa doya da zuma, shi kuma ya gyara mana fitila ko ƙotar garma ba tare da ya karɓi komai ba. Baba muke ce masa, kamar yadda duk samarin kasuwar suke ce masa.

Yana da ɗa sa'ana, wanda aka haifa a nan bayan injin. Hausarsa ta fi tawa gogewa, don shi ɗan kasuwa ne, ni ɗan ƙauye. Idan na kawo niƙa layi ya yi tsawo, sai ya saci jiki ya sa buhuna gaba, mu tafi cin rake a bakin tasha. Shi ya koya mini hawa keke a kan wani baƙin keke da ubansa ya bar masa. Akwai wani suna na tsokana da kakata ta laƙaba mini, wanda ba kowa ya sani ba a wajen gidanmu. Ya ji shi sau ɗaya a bakin ƙanwata, daga ranar bai ƙara kirana da sunan yanka ba.

Da ƙasa ta rikice aka fara kai wa 'yan ƙabilarsu hari, mai unguwa da wasu dattawa, har da mahaifina, suka ɓoye Baba da iyalinsa kwana biyu, sannan suka saka su a motar gyaɗa mai zuwa kudu. Injin aka kwance aka kulle a zauren mai unguwa. Ban samu yin sallama da abokina ba, ina gona ranar.

Bayan shekara guda yaƙin basasa ya ɓarke, na shiga soja. Ba zan ce kishin ƙasa ne ya kai ni ba. Na ga sa'o'ina sun dawo hutu da kaki da takalmi, ni kuma na gaji da fartanya. Horon da aka ba mu bai fi na 'yan makonni ba, aka loda mu a jirgin ƙasa, daga nan mota, sai ga mu a wata ƙasa da ban taɓa tunanin akwai irinta ba: ruwan sama kullum, bishiyoyin kwakwar manja sun rufe sama, ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin.

Faɗan da nake son ba da labarinsa ƙarami ne. Ban taɓa jin an ambace shi a rediyo ba, kuma ban san sunan wurin ba har yau. Wani rafi ne da gadar katako a kansa, da gonakin rogo a tsallake. An ce mu karɓe gadar domin motocinmu su wuce. Da hantsi muka isa, muna tafe a layi biyu a gefen hanya, wurin shiru sai kukan tsuntsaye.

Na gabanmu na taka gadar sai ƙasa ta tashi. Nakiyar abokan gaba ce ta haɗin gida, wadda suke cusa wa ƙusoshi da guntayen ƙarfe. Daga nan harbi ya ɓarke daga cikin rogon. Na faɗa wani kwari a gefen hanya, fuskata cikin taɓo, ina harbi ba tare da na ga wanda nake harbi ba. Ina jin sajenmu yana zagi yana cewa a tsallaka ta ƙasa, ruwan bai kai ƙugu ba. Muka tsallaka. Babbar bindigarmu ta buɗe wuta daga hagu, ganyen rogo na ta zuba kamar ana sassabe. Can sai harbinsu ya yi ƙasa, ya koma ɗai-ɗai, ya tsaya. Harsashi ne ya ƙare musu, mun gane haka daga baya da muka ga bindigogin da suka yar. Duka abin bai kai lokacin da mace za ta tuƙa tuwo ta kwashe ba.

Mun rasa mutum huɗu a kan gadar. Ɗaya daga cikinsu kofur ne, ɗan garin su saje, tare suka shiga soja. Na ga saje ya tsuguna a kansa ya rufe masa ido, ya miƙe fuska a murtuke. Duk wanda ya san shi ya san wannan fuskar ta fi zaginsa muni.

Aka ce mu bi gonar mu duba. A bakin wani rami na ga mutum kwance, ya jingina da tushen ayaba, cinyarsa ta jiƙe da jini, ya ɗaure ta da igiyar takalmi. Ba kaki a jikinsa sai wata riga mai launin ƙasa da ta yi masa yawa. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Na ɗaga bindiga, shi kuma ya ɗaga ido, sai ya kira ni da sunan nan na kakata.

Ya ce, "Kai ne? Don Allah ba ni ruwa."

Gorar ruwa na rataye a ƙuguna. Hannuna ya kai kanta. Daidai nan saje ya iso da mutum biyu a bayansa, ya ji Hausar da aka yi, ya dube shi, ya dube ni.

Ya kamata in faɗi yadda abubuwa suke, ba don in wanke kaina ba. Akwai umarni cewa wanda aka kama da rai a tura shi baya a mota, hafsoshi su yi masa tambayoyi. Wani lokaci ana bi, wani lokaci ba a bi, ya danganta da wanda ke wurin da kuma irin ranar. Idan wani soja ya tsaya wa kamamme ya ce ya san shi, ya san gidansu, yawanci akan tura shi bayan. Na taɓa gani da idona. Amma kuma mako guda kafin ranar an ɗaure wani ɗan Zariya a rana an yi masa bulala saboda an gan shi yana ba wata mata garin rogo, aka riƙa ce masa ɗan leƙen asiri. Wannan ne ya zo mini a rai, shi da fuskar saje.

Saje ya ce, "Ka san shi?"

Na ce, "Ban san shi ba, saje. Ai duk sun iya Hausa."

Abokina bai musa ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da ya so, da ya faɗi sunan mahaifina da na ƙauyenmu da na ƙanwata. Sai kawai ya dube ni, ya kawar da kai wajen rafin. Saje ya ce in wuce gaba in sami sauran, ya bar mutum biyun nan a wurin. Na yi tafiya kamar taku hamsin na ji harbi ɗaya. Ban waiwaya ba. Da yamma motocinmu suka wuce ta kan gadar, aka raba mana sigari saboda mun yi ƙoƙari.

Yaƙi ya ƙare, aka sallame ni, na dawo gida na koma gona. Ban yi wata shida ba Baba mai inji ya dawo. Mai unguwa ya buɗe zaure ya miƙa masa injinsa da keken da duk tarkacensa, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Mutane suka yi ta zuwa yi masa barka. Mahaifina ya ce in shirya mu je, na ce zazzaɓi nake yi. Sati na gaba ma na ce haka. A na uku ya ɗora mini buhun dawa ya ce ko ina mutuwa sai na kai.

Da Baba ya gan ni ya kashe injin, abin da ba ya yi ko don hakimi. Ya riƙe hannuna biyu yana godiya ga Allah da na dawo lafiya. Ya ce 'ya'yansa mata biyu sun tsira, matarsa ma tana nan tafe, amma babban, wato abokina, tun da aka ɗebe su a kasuwa aka ba su bindiga ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sannan ya ce, "Ɗana, kai da ka je can, ko ka ji wani labari? Ko a cikin waɗanda aka kama?"

Na ce, "Baba, ƙasar da faɗi. Ban gamu da shi ba."

Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ya tada injin.

Shekaru goma sha wani abu na yi ina kai masa niƙa. Duk direban da ya fito daga kudu sai ya tare shi da tambaya. An taɓa ce masa an ga mai kama da ɗansa a wata tashar jirgin ruwa, ya rufe injin ya yi tafiyar mako biyu ya dawo. Ni na taya matarsa jiran injin a lokacin, ina zuba hatsi ina sane da inda ɗan yake.

Da aka tashe mu saboda dam, aka ba mu fili a sabon matsuguni, hanya ta ƙara mini nisa. Wata ranar kasuwa Baba ya fito da baƙin keken, ya sa masa sababbin tayoyi, ya ce in riƙa hawa kafin mai shi ya dawo, don ya san da yana nan ni zai ba wa aro. Na ƙi, ya yi fushi, mahaifina ya ce ƙin karɓa rashin kunya ne. A kan keken nan na yi ta kai kifi Bebeji, a kansa na kai matata asibiti haihuwar fari. Da na fara noman rani ma shi ya riƙa ɗaukar mini kwandon tumatir.

Tsufa ya kama shi, ƙurar gari ta lalata masa ƙirji, 'ya'yansa suka matsa ya koma gida. Ya sayar da injin. Ni na ɗaukar masa akwati zuwa tasha. Tun daga gida nake shirya maganar a bakina, na ce yau sai na faɗa, ko zai tsine mini. Muka zauna a benci muna jiran mota ta cika, ya yi ta ba ni labarin yadda ya fara zuwa garin da ƙafa, ni kuma ina cewa to, to. Da kwandasta ya ce a shiga, ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Abokinka nan ya sani, nan zai fara zuwa. In ya zo ba na nan, ka ce masa mun koma gida, ya same mu can."

Na ce, "To, Baba, zan faɗa masa."

Bayan shekara biyu wani mai sayar da kayan gyaran babur ya kawo labarin rasuwarsa.

Sai da na tsufa na kai maganar wurin wani malami a Tudun Wada, inda ba a san ni ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce in yawaita istigfari, amma hakkin mutum sai mutum ya yafe, in nemi 'yan'uwan mamacin in gaya musu, ko ba komai su san inda ya kwanta. Na ce to. A mota ina dawowa na tuna cewa duk shekarun nan ban taɓa tambayar Baba sunan garinsu ba. Gabas kawai muke cewa. Na bi 'yan ƙabilarsu da ke kasuwa ɗaya bayan ɗaya, duk sababbin zuwa ne, wasu ma ba a haife su ba lokacin da ya tafi. Mai kayan babur ɗin ya daɗe da komawa. Wani ya ce zai tambaya mini a cocinsu na Kano, na ba shi lambar wayar jikana. Damina uku ke nan, bai kira ba.