Ranar da Aka So a Ɓoye Kakana

Abubuwa da yawa sun kwanta mini, amma ranar da aka fara zuwa neman aurena a Filinge ba za ta taɓa fita daga raina ba. A ranar ne aka so a ɓoye kakana kamar wani abin kunya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kakana majemi ne. Tun yana saurayi yake jimar fata a bayan gari, cikin ramukan toka da bagaruwa, har hannuwansa suka rine, kuma duk sabulun duniya ba ya raba rigarsa da warin jima. Mahaifina ya rasu ina goye, Kaka ne ya riƙe ni da innata. Da fatun nan ya ciyar da mu, da su ya sa ni lakwal, wato boko, har na zama malamar makaranta, da su kuma ya karantar da Baffa, ƙanen mahaifina, har ya samu kujera a wani ofis a Yamai. Amaryata yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce da shi angon da ba ya wanka, ya yi ta dariya har tari ya kama shi.

Saurayin a Yamai muka haɗu wajen karatu, ɗan gidan masu ji da asali. Ina sonsa, ba zan yi ƙarya ba. Da aka sa ranar zuwan manyansa, Baffa ya riga su isowa, ya sa aka kwashe duk wata fata da ke zaure aka kai ɗakin awaki, aka yi ta turare kamar ana korar aljanu. Na ga abin, na haɗiye.

Da safe na kai wa Kaka kunu, ban same shi ba. Inna ta sunkuyar da kai ta ce Baffa ya tura shi ƙauyenmu na Kurfai ya dubo gero, kada ya dawo sai baƙi sun tafi. Gero! A watan da ko ruwan shuka bai sauka ba! Na ajiye kwanon, na ja mayafi na bi hanyar kasuwa. Can na hango shi zaune a kan amalanken jaki, sanye da babbar rigarsa ta salla, wadda ya sa aka wanke masa musamman don wannan rana. Rigar nan ce ta karya mini zuciya.

Na ce, "Angona, ina za ka?"

Ya ce, "Koma gida, amaryata. Baffanki ya hi ni sanin mutanen birni. Yini guda ne, mi zai rage ni da shi?"

Na tattare zane na haye amalanken na zauna kusa da shi. Na ce wa mai jakin ya kora, in ya so baƙi su iske gida babu tsoho babu amarya. Mutumin ya dube ni, ya dubi Kaka, ya ƙi motsi. Kaka ya girgiza kai ya ce, "Ke dai taurin kan ubanki kika ɗauko." Ya sauko, muka tako gida tare.

A ƙofar gida muka ci karo da Baffa. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ke, kina da hankali? Mutanen nan asali suka zo bincike. Da hannunki za ki kashe aurenki?" Ban taɓa ɗaga ido na dubi Baffa ba sai ranar. Na ce, "Baffa, in aurena ba zai ɗauru ba sai an kori wanda ya haife ka, a bar shi." Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ga ƙarar motar baƙi.

Ina bayan zana ina jin komai. Bayan gaishe-gaishe, wani dattijo a cikinsu ya tambayi sana'ar da gidan ya gada. Baffa ya yi wuf ya ce, "Fatauci, Alhaji, fataucin fata." Sai na ji gyaran muryar Kaka.

"Alhaji, ɗana ya ba ni girman da ba nawa ba. Majemi ne ni, ubana ma majemi. Ɗiyar da kuke nema, da wannan aikin aka rene ta."

Ko hannu baƙin ba su sa a abincin da aka kawo musu ba. Suka ce za su aiko, har yau ana jiran aiken. Saurayin ya kira ni a waya ya ce in yi haƙuri, an fi ƙarfinsa. Na yi kuka, kuka sosai, har na rame. Baffa kuwa ya koma Yamai ko sallama bai yi mana ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo bayan ƴan kwanaki. Da la'asar Kaka ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, tsoho ɗungurungum, ya ce, "Amaryata, na ɓata miki. Ki gafarta mini." Na fito a fusace, hawaye na zuba. Na ce, "Kaka, wallahi in ka sake ba ni haƙuri a kan wannan, ni da kai mun ɓata. Su ne ba su isa su shiga gidanka ba." Ya dube ni, ya share ido da bakin riga ya ce to in kawo masa ruwan alwala.

Bai daina jima ba sai da ƙafafu suka gaza. Da Allah ya kawo wani mijin, shi da kansa ya ba da aurena a wannan zauren, kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Allah ya jiƙansa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk wanda ba zai karɓe ka ba sai ka ɓoye waɗanda suka yi wahalarka, ba kai yake so ba, kuma rashinsa ba asara ba ce. Yanzu a aji, in na tambayi yara aikin iyayensu na ji wani ya rage murya, ɗan mahauci ne ko ɗan ga-ruwa, sai in tsayar da darasi in ce, "Ɗaga murya kowa ya ji. Ni da nake tsaye gabanku, jikar majemi ce."