Ranar da Yaya Isiyaku Ya Yi Barci a Kofin Duniya

Lokacin zafi ne, irin zafin Doha wanda in ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar an ɗaga maka murfin tukunya a fuska. Kuma shekarar korona ce. Na zo jegon 'yata Hauwa, wadda ke aikin jinya a nan, da niyyar in yi wata biyu in koma, sai aka rufe hanyar jirgi. Ba abin da muka ci muka ƙoshi a shekarar nan irin fargaba. Waya ta yi ƙara, gabanka ya faɗi. Wani ya yi tari a bayan katanga, kowa ya yi tsit. Ana cikin haka aka kira mu aka ce an kwantar da Yaya Isiyaku a asibiti.

Ku da kuka san shi ba sai na kwatanta muku ba. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. A gida malamin wasanni ne a kwalejin horar da malamai, da ya ajiye aikin ya zo nan yana gadin ƙofar wata kwalejin koyon sana'a. Kun kuma san tambayarsa. Duk ɗan ƙwallon da aka yaba a gabansa, ko da duniya ce ke rantsuwa da ƙafarsa, sai Yaya ya karkata hula ya ce, "To, ka san gidansu?" In ka ce a'a, ya ce, "To ihun me kake yi?" A wajensa ƙwallo ɗaya ce, ta 'yan makaranta, inda wanda ya zubar da ci gobe za ku bi layin koko tare. Ta ƙwararru kuwa, aikin ofis yake kiranta.

Allah ya tashe shi, amma cutar ta bar masa rauni a zuciya. Likita ya ce ba gudu, ba fushi, ba ihu, domin in ta sake bugawa fiye da kima ba lalle ne a shawo kanta ba. Hauwa ta ɗauko shi daga ɗakin da suke zaune su shida a Fereej Abdel Aziz, ta kawo shi gidansu a Al Thumama, ta ɗaura masa agogon nan mai auna bugun zuciya, sannan ta ce, "Mama, ke ce mai gadinsa." Ni! Ni da ko kaza ban iya kora da ƙarfi ba.

Farkon abin da ya fara tayar mini da hankali talabijin ne. An dawo da wasanni a lokacin, amma ba 'yan kallo, sai su sa sautin ihu na na'ura. Mijin Hauwa, Nasiru, ya kunna masa don ya rage kewa. Yaya ya kalli kujeru wayam, ya kasa kunne, ya sake kallon kujerun.

"Nasiru, wa ke wannan ihun?"

"Kawu, ɗauka aka yi tun da, ake sakawa."

"Wato ihun ma na gwangwani ne, kamar tumatir?"

"Kusan haka, Kawu."

"Ka gani ko! Ashe da can ma ba su bukatar mutane. Yanzu ne asirinsu ya tonu."

Ya yi ta dariya har agogon ya fara ƙara, ni kuwa na yi wuf na kashe talabijin. Ya ce, "Indo, dariyar ma likita ya hana?" Na ce ban sani ba, amma ba zan gwada ba.

Wanda ya fi talabijin haɗari shi ne labarin wasan ƙarshe na kwalejinsu ta can gida. Kun sha shi, na sani. Fili ba ciyawa, an zagaye da igiya. Ɗalibai sun fito da kwanukan cin abinci da cokula suna kaɗawa. Masu dafa abinci sun bar tuwo a wuta sun taho da muciya a hannu. Mutanen gari sun cika bishiyoyin mangwaro har reshe ya karye da mutum huɗu, suka tashi suka ci gaba da ihu ba wanda ya duba ƙafarsa. Uwar gola tana bayan raga da farantin ƙosai a ka, tana ce masa, "Ka bari ta shiga, ka nemi inda za ka ci tuwo yau!" Yana fara labarin a zaune, kafin hutun rabin lokaci ya miƙe, jijiyar wuyansa ta taso. Sai in ce a hankali, "Yaya, sha ruwa."

"Indo, ƙwallo na sama kike cewa in sha ruwa?"

Ƙarshe Hauwa ta kafa doka: ya ba da labarin, amma ya tsaya a hutun rabin lokaci. Shekara biyu muna gidan nan, wasan bai taɓa ƙarewa ba. Baƙo ya tambaya, "To wa ya ci?" sai Yaya ya nuna ni da baki ya ce, "Tambayi hukuma."

Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, mutumin kirki ne, ya bar shi a aikin ƙofar na rabin yini, a zaune. A haka har gasar kofin duniya ta zo. Gari ya cika, tutoci ko'ina, a Corniche, titin bakin teku, ba wurin sa ƙafa. Filin wasa kuwa ga shi nan kusa da mu, kamar an kifa hula. Rannan Nasiru ya shigo da tikiti uku da aka ba shi a wajen aiki, na wasan la'asar, wata ƙasar Afirka da wata ta Turai. Na ja Hauwa kicin na ce, "Mutum dubu nawa ne za su yi ihu a kansa? Kashe shi kuke so ku yi?" Ashe yana jinmu.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce daga falo. "Wannan ƙwallon ba ta isa ta taɓa mini zuciya ba. Zan je ne in ga abin da suke ɓata wa mutane lokaci da shi."

Hauwa na da aiki ranar, don haka ni na bi su, da maganinsa a ƙulle a bakin mayafi. A ƙofar shiga aka fara. Masu bincike suka lalubo kwanon silba da cokali a jakarsa. Ashe ya ɓoye su tun safe. Wani matashi mai gadi ya ce ba a shiga da ƙarfe. Yaya ya ce, "Yaro, shekarata goma sha huɗu ina wannan aikin naka. Kwano ne, ba bindiga ba. Da me ake so in yi kallo?" Yaron ya ce da Larabci, "Halas, Baba, yalla," wato ya isa, a wuce, ya jefa kwanon a kwandon ajiya. Na duba agogo, ya ɗan hau. Na fara salati.

Gaskiya ni wurin ya firgita ni. Fitilu, ganguna, mutane sun shafa fenti a fuska, ƙaton allo yana ƙirga lokaci kowa na binsa da baki. Da aka fara, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Ban kalli ƙwallo ko sau ɗaya ba, idona na kan wuyan hannunsa. Shi kuwa ya naɗe ƙafa yana ƙorafin sanyin da ke fitowa daga ƙarƙashin kujera.

"Filin da ba a gumi! Indo, ba ni aron mayafin nan."

Wani bawan Allah a gefenmu yana ta tsalle yana kiran sunan mai lamba goma. Yaya ya taɓa shi, ya yi masa tambayarsa da guntun Larabcinsa. Mutumin ya ce ina zai san gidansu. Yaya ya juyo gare ni ya buɗe hannu, wato kin gani.

Bayan hutun rabin lokaci aka ci ƙwallo, fili ya kama girgiza. Na juya in riƙe shi, sai na ga kansa ya langaɓe a kafaɗa, ido a rufe, baki a ɗan buɗe. Na kama rigarsa ina jijjigawa, "Yaya! Yaya! Nasiru, ka taimake ni!" Sai ya buɗe ido ɗaya.

"An tashi ne?"

"Na zaci ka mutu!"

"A nan? Allah ya sawwaƙe. In mutu cikin mutanen da ba wanda ya san gidanmu?"

Nasiru ya duba agogon ya ce tunda aka ɗaura masa bai taɓa ganin bugun ya kwanta haka ba. A mota Yaya ya ce a gaya wa likita ya samo magani.

Na ɗauka mun tsallake ke nan. Ashe babban na gaba. Bayan an watse daga kofin duniya da 'yan makonni, ɗaliban kwalejin da yake gadi suka kai wasan ƙarshe a gasar kwalejoji, suka ce lalle Baba ya zo. Hauwa ta ce a'a, kuma a'arta ta asibiti ce. Na jira ya yi gardama, bai yi ba. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ta fi ba ni tsoro. Ya daina ba da labarin kwaleji, ko rabin ma. Tuwo ya rage. Kwana uku yana zaune yana kallon bango. A na huɗu na kai masa shayi, ya ce, "Indo, kin tsare ni da kyau, Allah ya saka. Amma kin lura shekara biyu ke nan ban ji muryata ba?"

Na ajiye masa shayin. Na je na sami Hauwa na ce ta bar shi ya je.

"Mama, in wani abu ya faru fa?"

"Zai faru ina kusa da shi."

Sai ta ƙara mini ƙwaya ɗaya ta ƙarƙashin harshe, ta rubuta lambar motar asibiti a tafin hannuna.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a ɗan filin bayan kwaleji. Benci biyu ne kawai, sauran kowa a tsaye. Muna sauka aka ɗauki "Baba! Baba!" Yara daga Sudan, daga Indiya, daga Gana, da namu, suna dukan bokitai da galan, wasu da sufana a jikin ƙarfen shinge. Yaya ya riƙe hannuna yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya: wancan ubansa direban bas ne, wancan ya faɗi jarrabawa sau biyu amma ƙafarsa ta hagu albarka, wancan kullum a makare yake zuwa. Golansu, Razak, ɗan Zongon Kumasi, ya taho da gudu ya durƙusa ya ce, "Mma, sannu da zuwa." Ya ce rabonsa da mahaifiyarsa tun kafin korona, in yi masa addu'a a madadinta. Na ce Allah ya ba da sa'a, hankalina na kan agogo.

Yaya bai zauna ba ko na minti ɗaya. Ya yi ihu, ya zagi alƙalin wasa, ya ba da umarni da harsuna uku. Agogo na ƙara, ina cewa sha ruwa, ba ya ma jina. Na kwance bakin mayafi na riƙe ƙwayar a hannu. Ana dab da tashi, ɗaya da ɗaya, aka ba abokan karawarsu fanareti. Na ga Razak shi kaɗai a bakin raga yana goge hannu a wando, siririn yaro, uwarsa na can ba ta san halin da yake ciki ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ji wata mata tana kururuwa, "Razak, ka kama ta! Ka kama ta don Allah!" Ashe ni ce. Ya yi tsalle ya kaɗe ta waje. Aka ce har takalmina ɗaya na cire ina dukan benci da shi. Ƙwayar kuwa ban san inda ta faɗi ba.

Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Yaya ne, gumi sharkaf, yana haki, yana dariya da hawaye.

"Indo, a hankali. Sha ruwa."

An cinye su daga baya a ƙarin lokaci, bai dame shi ba ko kaɗan. Ya koma gida da ƙafarsa, ya ci tuwo malmala biyu.

Ba a fili ya rasu ba. Ya ƙara ganin wasanni huɗu na sada zumunta, duk ina gefensa. Cikin azumi ne, wata Talata bayan azahar, yana zaune a kan darduma, gida shiru, Allah ya karɓi abinsa.

Amma safiyar da ta biyo bayan wasan Razak nake yawan tunawa. Na tashi murya ta dushe ƙurmus, ko sallama ban iya yi ba. Na dafa mana citta da kanumfari, na kai masa, shi ma ya buɗe baki ba abin da ya fito. Muka zauna muna kallon juna. Sai na yagi takarda, na rubuta masa da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci: "Yaushe ne na gaba?" Ya karanta, ya karɓi biro, ya gyara mini harafi ɗaya, sannan ya rubuta a ƙasa: "Juma'a. Ki sa takalmi mai ƙwari."

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tashe shi cikin taron waɗanda ya sani suka san shi, mu ma ya haɗa mu da shi a can. Amin.