Takalmin da Ba Ya Durƙuso

A gidanmu na unguwar Magajiya, a Suleja, ba a gaida babba a tsaye. Haka na tarar da gidan ranar da aka kawo ni, haka maigidana ya riƙe shi har ya koma ga Allah, haka kuma ɗana na fari ya karɓa ya ƙara masa ƙarfi. Yaro in ya hango babba, tun daga nesa zai saki takalminsa, ya ƙaraso ya durƙusa, sai an ce masa tashi ya tashi. Ba a cikin gida kaɗai ba. A ƙofar gidan akwai dakali inda dattawan unguwa ke zama da hantsi, kuma duk ɗan gidan nan da ya zo wucewa, a ƙasa yake ko a kan abin hawa, sai ya sauka ya kai gwiwa. Mutanen unguwa suna misali da mu a kan wannan. Ɗana yana jin daɗin misalin, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

To, ina da jika, babban ɗan wannan ɗan nawa. A hannuna ya tashi. Yana ƙarami, in salla ta matso, nakan karyo tsinken tsintsiya in auna tafin ƙafarsa, in ƙara faɗin yatsa don girma, in ba mai zuwa kasuwa. Saboda haka na san ƙafar nan tun tana kamar ɗan kwaɗo.

Da ya zama saurayi, kafin ya sami aiki, ya yi acaɓa tsakanin Suleja da Madalla. Da silifas yake tuƙi, kamar sauran. Wata rana da damina babur ya zame da shi ya danne masa ƙafar hagu, idon sawu ya karye. Aka ɗauko mai ɗori daga Chaza, wani tsoho marar yawan magana. Ya ja ƙafar, ya jera mata kara, ya ɗaure tamau yadda ba ta juyawa dama ba ta juyawa hagu. Ni na yi jinyar. Ranar da ya zo kwance karan, ya daɗe yana latsa wurin da babban yatsa, sannan ya ce, "Hajiya, ƙashin nan ya yafe sau ɗaya. In ya sake karyewa a nan, kada ku neme ni, ba ni da abin da zan yi masa."

Na riƙe maganar. Jikana kuwa ya warke, ya sami aiki a Abuja, ya yi aure. Muka ce an rabu da babur. Ashe ba a rabu ba. Sai ga shi wata rana da wani babur mai tsayi kamar maraƙi, da akwatunan ƙarfe gefe da gefe. Ya shiga cikin wasu abokai masu irinsa. Su tafiyarsu ba ta fatauci ba ce, ba ta gaisuwar mutuwa ba, ba ta biki ba. Sukan bar kwalta da gangan su bi daji, su hau dutse, su tsallaka rafi, su kwana inda suka kwana, su dawo baƙi ƙirin suna murna. Na tambaye shi me ake samowa. Ya ce, "Amarya, gani ake samowa." Amarya yake ce mini, irin wasan jika da kaka. Na ce, "Tafi can, mijin da ba ya cefane."

A ƙarshen wata damina suka shirya tafiya mai nisa, can duwatsun Mambila. Ubansa bai so ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin ya ce ya je, shi ma da bakinsa kawai. Sai kuma shugaban tafiyar ya kafa doka: wanda ba shi da takalmin da ya dace, ya zauna gida.

Akwai wani ɗan Kudu da ke haya a ɗakin da ke jikin zaurenmu, Kirista ne, yana sayar da takalman gwanjo a Madalla. Ya daɗe da mu har ya iya durƙuson gidan. Shi jikana ya yi wa magana. Mai takalman ya ce a bari sai la'asar, don ƙafa da safe ƙarama ce, sai ta sha yawo take nuna girmanta na gaskiya. Da la'asar ɗin ya shigo tsakar gida da buhu, ya zazzage a kan tabarma. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina gyaran wake.

Kala uku ya kawo. Akwai na roba irin na masu aikin kwata. Wannan shi da kansa ya ture gefe, ya ce ruwa kaɗai yake tarewa, in ya taɓa salansa mai zafi narkewa zai yi ya manne da fata. Akwai na biyu, na fata mai laushi, ya ɗan rufe idon sawu, da zif a gefe, kyakkyawa, ana iya zuwa ɗaurin aure da shi. Sai na uku. Na uku dogo ne har ƙasan gwiwa, baƙi, da maɗauran ƙarfe jere a gefe, da wani abu mai tauri a gaban ƙwauri da kewayen idon sawu. Da aka ajiye shi sai ya tsaya da kansa kamar akwai mutum a ciki.

Mai takalma ya kama na biyun, ya murɗa shi kamar mai matse wanki. Ya murɗu. Ya kama na ukun ya yi ta fama, jijiyar wuyansa ta tashi, takalmi ko gezau.

"Oga, ka gani? In mashin ya faɗo maka, abin da takalmi ya yi, shi ƙafa za ta yi."

Ya sa jikana ya saka safa mai kauri, irin wadda zai yi tafiyar da ita, sannan ya zura ƙafa a dogon. Ya ce ya motsa yatsu. Suna motsi. Ya ce ya ɗaga dunduniya. Ba ta ɗaguwa. Ya ce haka ake so, yatsu su sami wuri, dunduniya ta zauna daram. Na ce daga inda nake, "Ba za a ƙara masa faɗin yatsa ba?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, wannan yaro ya gama girma. In ya yi yawa, ƙafa za ta riƙa yawo a ciki, laka kuma ta cire masa shi." Suka fita wajen babur, jikana ya hau, ya gwada ko bakin takalmin yana shiga ƙarƙashin giya, ko yana jin birki a tafin ƙafa. Ya dawo yana tafiya ƙwas, ƙwas, kamar wanda aka ɗaura wa turmi.

Ana cikin haka ubansa ya dawo daga masallaci.

Jiki ya saba. Yaron yana ganinsa ya tafi zai durƙusa. Gwiwa ta tafi, idon sawu ya ƙi. Ya yi tangal-tangal, ya koma da baya ya zauna daɓas a cikin tiren wakena. Matan gida suka tuntsire da dariya. Uban bai yi dariya ba.

"Mene ne wannan?"

"Baba, takalmin tafiyar ne."

"Cire."

Ya fara ɓalle maɗauran, ɗaya bayan ɗaya, uban yana tsaye yana jira. Abin ya ɗauki lokaci.

"Wato haka za ka fita ƙofar gidan nan, ka wuce liman da sauran dattawa a tsaye kamar soja? Haka za ka shiga garin mutane ka tsaya a kan mai gari ƙiƙam? A ce ɗan wane ne? Alwala fa?"

"Zan riƙe silifas a akwati, Baba. In lokacin salla ya yi sai in cire."

"Salla tana da lokaci. Babba ba shi da lokaci, ko'ina kana iya karo da shi." Ya nuna mai laushin da ƙafa. "Ga takalmin mutane nan. Ka ɗauki wannan, ko ka fasa."

Mai takalma ya buɗe baki, ya ce, "Alhaji, wannan ƙafa da ta taɓa..." Ɗana ya dube shi. Ɗan haya ne. Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Jikana ya ɗauki mai laushin ya ce to. Na san wannan to ɗin. Da ƙyar ya sami izinin tafiya, ba zai yarda takalmi ya ɓata masa ba. Mai takalma ya tattara sauran a buhu. Da zai wuce ta gabana na ce ya bar dogon a ɗakina tukuna, ina so in duba ɗinkinsa.

Na duba kuwa. Na zura hannu ciki har gwiwar hannu. Abin da na taɓa a wajen idon sawu, tauri ta dama, tauri ta hagu, na san shi. Karan ɗori ne, sai dai shi ana ɗaura shi tun ƙashi bai karye ba.

Ni ba na gardama da ɗan fari. Ko sunansa ba na kira, balle in tsaya musu da shi a gaban matansa da 'ya'yansa. Kuma bai yi ƙarya ba. Gidan da aka san shi da abu, ranar da ya saki abin, ba ya dawowa. Na kwana biyu ina kallon takalmin a bayan ƙofa, shi ma yana tsaye yana kallona.

Ranar tafiya, da hantsi, jikana ya zo ƙofar ɗakina ba takalmi, ya durƙusa, na sa masa albarka. Ya miƙe zai saka mai laushin. Na ce, "Ajiye. Ɗauko wancan." Ya dube ni. Na ce, "Saka, ka ɗaure duka. Ka tura babur ɗinka ƙofar gida ka jira ni."

"Amarya, so kike a kore ni daga gidan?"

"In an kore ka na huta da ciyar da ƙato."

Na ɗauki mayafi da sandata. Na daɗe ban fita ta ƙofar zaure da rana ba, sai in asibiti za a kai ni. Da na leƙo, dattawa suna kan dakali, liman a tsakiya, ɗana a gefensa. Duk cikinsu babu wanda ban girma ba. Wasu na ga ranar sunansu. Suka fara yunƙurin tashi, na ce su zauna.

Jikana yana tsaye jikin babur, cikin dogon takalmi, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce, "Zo ka yi mini sallama."

Ya tako ƙwas, ƙwas. Ya fara neman lanƙwasa gwiwa. Na ce, "A tsaye."

Ya tsaya. Ya sunkuyar da kai iyakar yadda bayansa ya ba shi, hannu biyu a ƙirji, ya ce, "Na tafi, Hajiya." Na miƙa hannu na dafa kansa. Na ce Allah ya kai, Allah ya dawo da shi da ƙafafunsa biyu. Sannan na juya wajen dakali na ce, "Na karɓi gaisuwarsa. Ƙafar ɗaurarriya ce, ba raini ba ne. Ga shi nan zai gaishe ku."

Ba wanda zai ƙi abin da na karɓa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, kai a sunkuye. Liman ya ƙwanƙwasa takalmin da carbinsa ya ce, "Kai, wannan ai ko kare ya ciza sai ya nemi likitan haƙori." Aka yi dariya. Da ya zo kan ubansa, uban ya amsa yana kallon wani wuri. Ni kuma na koma ciki.

Ɗana bai yi mini maganar ba. Yana zuwa gaishe ni safe da yamma kamar kullum, yana durƙusawa har ƙasa, har yana daɗewa a durƙushen fiye da da. Na gane.

Da suka dawo, da la'asar ne, jikana ya shigo yana ɗan ɗingishi. Ya zauna a bakin zaure yana ɓalle maɗauran. Maɗauri ɗaya na ƙafar hagu ya fita gaba ɗaya. A daidai idon sawu fatar takalmin ta yage, abin cikin ya loɓa, gefen kuma ya ƙone. Ya ce a wani gangare ne mai duwatsu, bayan ruwa ya ɗauke, babur ya kwanta da shi ya ja shi, sai da abokai suka taru suka ɗaga. Na ce ya miƙo ƙafar. Ta kumbura, ta yi baƙi-baƙi. Na latsa inda tsohon nan na Chaza ya latsa. Ya yi tsaki, amma bai yi ihu ba. Na ce ya taka. Ya taka. Targaɗe ne. Na sa a dafa ruwa.

Uban ya fito zai tafi masallaci. Yaron ya durƙusa a kan ƙafa ɗaya, ya gaishe shi. Ya amsa. Sai ya sunkuya ya ɗauki takalmin hagun, ya juya shi, ya sa yatsa a inda ya loɓa. Ya kama shi hannu biyu ya gwada murɗawa. Bai murɗu ba. Ya ajiye shi a kan dakalin cikin zaure, ba a ƙasa ba, ya ce wa iska, "A kai wa mutumin nan ya mayar masa da maɗaurin." Ya fita.

Har yau a gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Takalmin yana nan a zaure, in an ga babu shi, an san jikana ya bar gari.